Darasi na Tara: Wa Ake Nufi? Yadda Tafinta Yake Riƙe Mutanen da Ke Cikin Magana

Mu ɗauka kuna zaune a kan benci a asibiti, kuna jiran layi ya zo kanku. Sai ga wata mata ta shiga wurin likita da yaro ɗan shekara biyu a goye. Likitan ba ya jin Hausa, don haka aka kira wani saurayi da ya tsinci Hausarsa a kasuwa ya yi musu tafinta. Matar ta ce: "Tun shekaranjiya ba ya cin komai. Shi ya ce a ba shi jiƙo. Da aka ba shi sai ya amayar, shi ne ya ce mu taho." Saurayin ya juya ya gaya wa likita cewa yaron ne ya nemi a ba shi jiƙo, kuma yaron ne ya ce a kawo shi asibiti.

Duk Bahaushen da ke kan bencin nan ya san an yi kuskure. Ban da ita kanta, mutum biyu ne a cikin maganar matar: yaron da ke bayanta, da mijinta da ke gida. Ba ta ambaci sunan mijin ba, ba kuma za ta ambata ba. "Shi" na farko miji ne, na biyu da na uku yaro ne, na huɗu kuwa mai yiwuwa ma ba mutum yake nunawa ba, yana nufin "dalilin haka ne". Saurayin bai kuskure ma'anar kalma ko ɗaya ba. Ya san jiƙo, ya san amai. Abin da ya kuɓuce masa mutum ne guda sukutum, kuma mutumin da likita ya fi buƙatar sanin da zamansa, domin shi ne mai yanke shawarar abin da za a ba yaron idan an koma gida.

Wannan shi ne batun darasinmu. Mai sauraro, da mai karatu, da tafinta musamman, ba kalmomi kaɗai suke bi ba. Suna riƙe da mutane a zuci: wa ya shigo cikin maganar, yaushe ya shigo, da wane suna aka sake kiran sa, me aka ce ya yi. Wanda ya saki wannan igiyar, ko da ya haddace ƙamus, fassararsa za ta ɗora wa wani laifin wani.

Yankan kati

Kowa ya san yadda ake yi a asibiti. Wanda bai taɓa zuwa ba, sai a ce ya je ya yanki kati. Wanda ya taɓa zuwa, ba a yankar masa sabo, tsohon ake ɗaukowa a ƙara rubutu a ciki. Idan aka yi kuskure aka yankar wa mutum ɗaya kati biyu, tarihin ciwonsa ya rabu. Idan aka haɗa mutum biyu a kati ɗaya, sai a ba wani maganin wani.

Haka ƙwaƙwalwa take yi da magana. Wannan kwatancen ba daga kaina na ƙago tushensa ba. Wata masaniyar ilimin ma'ana, Bajamushiya mai suna Irene Heim, ta shimfiɗa shi a kundin digirinta na uku a Jami'ar Masacuset ta Amurka a 1982. Ta ce a ɗauki mai sauraro kamar mai kula da fayil: duk sunan da ya shigo sabo, ya buɗe masa kati; duk wanda aka riga aka sani, ya nemo katinsa ya ƙara bayani. Shekara ɗaya kafin ita, a 1981, Hans Kamp ɗan ƙasar Holan ya kawo wani tsari mai kama da wannan ba tare da sun haɗa kai ba. Su biyun kuma sun tarar da hanyar da Lauri Karttunen ɗan ƙasar Finlan ya share tun 1969, lokacin da ya yi tambaya mai sauƙin ji, mai wuyar amsawa: idan aka ƙera na'urar da za ta karanta rubutu jimla bayan jimla, yaya za ta gane cewa sabon mutum ya shigo, kuma yaya za ta gane cewa tsohon ne aka sake ambata?

Ba sai kun riƙe sunayen nan ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne tambayoyi biyu da tafinta yake yi wa kansa duk lokacin da ya ji an ambaci wani: sabon kati ne ko tsoho? Idan tsoho ne, na wa?

Wani mutum, mutumin, shi

Hausa ba ta bar mu a duhu ba. Tana da kayan aikin da take sanar da zuwan baƙo, da waɗanda take nuna ɗan gida. Ku duba wannan:

"Wani mutum ya shigo kasuwa da rago. Mutumin ya tsaya wurin wata mai fura. Ta auna masa, ya sha, ya ɗaure ragon a gindin bishiya."

"Wani" da "wata" da "wasu", waɗanda masu nahawu suke kira mafayyata, su ne suke cewa a yanki kati. Ƙaramin baƙin da ya manne a ƙarshen suna, -n ko -r, kamar a "mutumin", "ragon", "matar", shi ake kira madanganci, kuma aikinsa ya ce a ɗauko tsohon kati. Idan kalmar ta ƙare da baƙi, kamar wasu kalmomin aro, sai a sa "ɗin": "babur ɗin", "fensir ɗin". Bayan an san mutum sosai, sai a daina maimaita sunansa, a bar lamiri ya ɗauki nauyin: ya, ta, masa, shi.

Ku lura da wani abu a cikin labarin. Mutumin ya shigo da "wani", mai furar ta shigo da "wata", amma rago da kasuwa da bishiya sun shigo tsirara, babu mafayyaci. Philip Jaggar, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa a Landan, ya bi diddigin wannan a cikin labaran Hausa a binciken digirinsa na uku a 1985. Abin da ya fito fili shi ne "wani" ya fi raka abin da zai yi tasiri a labarin nan gaba, musamman ɗan Adam. Wato idan mai ba da labari ya ce "sai ya ga wata ƙwarya a bakin hanya", ya yi muku alama ke nan cewa ƙwaryar nan za ta dawo. Ku riƙe ta. Haka kuma wanda kowa ya sani ba ya buƙatar a gabatar da shi. Babu mai fara tatsuniya da "wani Gizo". Katin Gizo da na Ƙoƙi suna hannun kowane yaro tun kafin a buɗe baki.

Ga inda tafinta yake faɗawa rami. "Wani" yana kuma nufin "daban". Idan shaida ya ce ya ga mutum ya tsallaka katanga, sannan ya ga mutumin yana gudu da buhu, tafinta kuma ya fassara da "wani mutum ya tsallaka katanga, sai na ga wani mutum yana gudu da buhu", to ya mayar da ɓarawo ɗaya biyu. Baƙi guda, -n, shi ne ya raba shaidar da za ta kama mutum da wadda za ta sake shi.

A baki akwai taimakon da rubutu ba ya bayarwa. Ku faɗi "gidan Audu", sannan ku faɗi "gidan ya rushe". A na biyun za ku ji murya ta sauko a gaɓar ƙarshe, abin da ake kira karin sauti faɗau. Wannan saukowar ita ce alamar madanganci a kalmomin da suke ƙarewa da karin sama. A takarda duk "gidan" ne, sai mai karatu ya duba abin da ya biyo baya kafin ya san wanne ne.

Wani lokaci kuma madanganci yakan zo a kan wanda ba a taɓa ambata ba, amma babu wanda zai ruɗe. "Na shiga mota a tasha, sai direban ya ce sai ta cika." Ba a gabatar da direba ba. Katin motar ne ya zo da nasa a maƙale, domin kowa ya san mota da direba take tafiya. Haka ango yake janyo amarya, gawa take janyo magada.

Katin da ba ya kwana

Ba duk sunan da aka ambata ne yake samun wurin zama ba. Wannan shi ne babban abin da Karttunen ya lura da shi. Ku gwada: "Ina da akuya. Tana da ciki." Magana ta zauna. Yanzu ku ce: "Ba ni da akuya. Tana da ciki." Kunne ya ƙi karɓa, domin korewar ta hana a yanki kati. Babu akuyar da "ta" za ta koma gare ta.

Akwai kuma kati na wucin gadi. "Ina so in sayi akuya, in kiwata ta, ta haihu, in sayar da 'ya'yan." Duk wannan daidai ne muddin ana cikin buri. Amma ba za a ɗora da "jiya ta ci mini dawa" ba. Akuyar buri ba ta cin dawar gaske.

Kada ku ɗauka wasan nahawu ne kawai. Mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce: "Da na ga wani a gonar, da na kama shi." Bai ga kowa ba. Ƙaramar kalmar nan "da", sau biyu, ita ce ta rufe maganar a cikin ɗakin "da a ce". Tafintan da ya yi sauri ya tsallake ta zai shaida wa kotu cewa an ga wani a gona har an kama shi. "Idan", "ko da", "kila", "wai", "a ce", duk irin wannan aiki suke yi. Wanda ya shigo ta ƙofarsu, a rubuta katinsa da fensir.

Ina lamirin ya koma?

Waɗanda suka yi karatun zaure sun san wannan tambaya. Kalmar lamiri kanta daga Larabci muka aro ta, kuma malaman tafsiri da na nahawu sun shafe ƙarnoni suna tattauna makomar lamiri a cikin jimloli. Suna da ƙa'ida cewa lamiri yakan koma ga wanda aka ambata a kusa, sai idan akwai dalilin da ya nuna wanin haka. Rabin ƙa'idar na biyu ya fi na farko nauyi, domin dalilan suna da yawa.

Dalili mafi sauƙi shi ne jinsi da adadi. "Binta ta kira Audu, ya zo, ta ba shi saƙo." Babu ruɗani, domin "ya" da "ta" sun raba gardama. Hausa ta yi mana gata a nan, tunda kusan kowane aiki yana tafe da lamirin da ke nuna namiji ne ko tamata ko jam'i. Wahala tana farawa idan maza biyu ko mata biyu suka haɗu. "Audu ya gaya wa Garba cewa an sace babur ɗinsa." Babur ɗin wa? Nahawu ya yi shiru. Mai magana da ya san aikinsa zai ƙara "shi Audun" ko "shi Garban". Muna da irin waɗannan da dama: "shi kuwa" yakan juya fitila zuwa ga ɗayan, "ɗayan" da "na farkon" suna rarrabewa, "kansa" yana mayar da aiki kan mai yin sa, kamar bambancin "ya cuce shi" da "ya cuci kansa".

Dalili mafi ƙarfi kuwa ba a cikin nahawu yake ba, a cikin sanin duniya yake. Ku karanta waɗannan biyun:

"Uwar ta ɗauki jaririyar saboda tana kuka."
"Uwar ta ɗauki jaririyar saboda tana sauri."

Kalma ɗaya ce ta canza, amma "tana" ta tashi daga kan jaririya ta koma kan uwa. Babu wanda ya koya muku wannan a aji. Kun san jarirai da kuka, kun san iyaye da sauri. Irin waɗannan tagwayen jimloli ne Hector Levesque na Jami'ar Toronto ta Kanada ya ba da shawara a 2011 a riƙa gwada kwamfuta da su, aka sa wa gwajin sunan Terry Winograd, wanda ya fara kawo irin misalin. Dalilinsa shi ne na'ura ba za ta ci gwajin da ƙirga kalmomi kaɗai ba. Na'urorin sun ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma duk wanda ya taɓa ba manhajar fassara ta waya dogon labarin Hausa ya ga yadda takan mayar da mace namiji a tsakiyar hanya. Ku yi amfani da ita, amma ku bi mutanen da kanku.

Kowane harshe da abin da yake tilasta wa mai magana

A nan ne aikin tafinta ya bambanta da na mai sauraro. Mai sauraro zai iya barin abu a dunƙule ya jira. Tafinta dole ya buɗe baki yanzu, kuma harshen da yake fassarawa zuwa cikinsa yana iya neman bayanin da na farkon bai bayar ba.

Ku ɗauki Turanci. Kalmarsu ta "you" ita ce kai, ita ce ke, ita ce ku. Alƙali ya dubi mutum uku da ke tsaye ya yi magana da ita. Tafinta sai ya zaɓa, kuma tsakanin "za ka biya tara" da "za ku biya tara" akwai kuɗi. Kalmominsu na likita, malami, aboki da maƙwabci ba sa nuna jinsi, don haka Bature zai yi jimla uku yana maganar likitansa ba a san mace ce ko namiji ba, alhali Bahaushe tun a kalma ta biyu sai ya ce "ya ce" ko "ta ce". Mafi yawanmu "ya" muke sakawa da ka, sai can a ji likitar mace ce. Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suke fama da shi a ofis da kotu, yana da nasa tarkon: kalmar mallaka a wurinsu tana bin jinsin abin da aka mallaka, ba na mai shi ba. Abin da suke faɗa da lafazi ɗaya, mu sai mun zaɓi "uwarsa" ko "uwarta".

Maƙwabtanmu na kusa ma haka ne. A Fulatanci "o" ya ishi namiji da mace. Haka "o" na Yarabanci da na Ibo, haka "a" na Zabarmanci. Barebari kuwa suna da kalmar "shi" kamar tamu a lafazi, amma tasu ta haɗa shi da ita. Wannan ne ya sa za ku ji wanda ya koyi Hausa da girma yana ce wa mace "ya zo". Ba rashin hankali ba ne, harshensa na farko bai taɓa tambayar sa wannan ba. Tafintan da yake sauraron irin wannan Hausar kada ya dogara da "ya" da "ta" ɗinsa, ya nemi wata shaidar.

Wani lokaci kuma mu ne muke da ƙarancin. Larabci yana da lamiri na musamman na mutum biyu, mu sai mu ce "su" sannan mu ƙara "biyun". Harshen Ewe na Gana da Togo yana da lamiri, "ye", wanda aikinsa kawai ya nuna cewa wanda ake ba da labarin maganarsa kansa yake nufi. Da a Ewe aka yi zancen babur ɗin Audu, da ba a yi gardama ba.

Sunayen dangi su ne suka fi ba ni tsoro. Turanci yana da kalma ɗaya ga kawu da baffa, ɗaya ga gwaggo da inna, ɗaya ga wa da ƙane. A hira ba komai. A zaman rabon gado kuwa, baffa yana cikin dangin uba da gado yake iya kaiwa gare su, matsayin kawu daban ne. Tafintan da ya zaɓi ɗaya da ka ya taɓa haƙƙin marayu.

Mutanen da Bahaushe yake sakayawa

Mu koma ga matar asibiti. Alkunya ta hana ta kiran sunan miji, kamar yadda take hana iyaye da yawa kiran sunan ɗan fari, ta sa a ce wa yaro "mai sunan Malam" don kada a ambaci sunan kakansa. Saboda haka akwai katunan da ake buɗewa ba tare da an ambaci kowa ba. Matar aure ta ce "shi" ko "maigidan" ko "baban su Ladi" ko "Malam", duk mutum ɗaya ne. Wanda bai san al'adar ba zai ƙirga huɗu.

Akasin haka ma yana faruwa. A gari ɗaya akwai Alhaji goma, Malam ashirin, Muhammadu ba adadi. Suna ɗaya ba ya nufin kati ɗaya.

Sai lamirin nan na "an" da "aka" da "ana", wanda yake ɓoye mai aiki. "An fasa tulun." Wani lokaci mai maganar bai san wanda ya fasa ba. Wani lokaci ya sani sarai, yana rufa asiri ne, ko ma shi ne da kansa. Ba hurumin tafinta ba ne ya tona. Abin da aka sakaya, ya fassara shi a sakaye.

Ku kula da ƙidaya kuma. "Su Audu sun zo" ba Audu da yawa ba ne, Audu ne da mutanensa. "Mun tafi Kano da Audu" sau da yawa mutum biyu ne kacal, mai magana da Audu, duk da cewa "mun" ta riga ta zo kafin a ambace shi. Wanda ya fassara kalma da kalma zai sa mutum uku ko fiye a motar.

"Ni" ɗin tafinta na wa ne?

A shari'ar manyan 'yan Nazi da aka fara a birnin Nurembag na Jamus a watan Nuwamba na 1945, an yi amfani da harsuna huɗu: Turanci, Faransanci, Rashanci da Jamusanci, tafintoci suna fassarawa nan take ta na'urar kunne. Daga wannan zamanin ne irin wannan aikin ya kafu a manyan tarukan duniya. Ƙa'idar da ƙwararru suke bi ita ce tafinta ya yi magana da bakin mai maganar. Idan shaida ya ce "ban gan shi ba", tafinta ya ce "ban gan shi ba". Idan kuma tafinta yana so ya yi magana don kansa, sai ya ce "tafinta yana neman a maimaita".

Mu kuwa mun saba da "wai ya ce". A ganina, a hira ta yau da kullum babu laifi, har ma yakan kwantar wa dattijo hankali ya san ba yaron nan ne yake gaya masa magana ba. Amma ku duba abin da yake haifarwa. Shaida ya ce: "Na ba shi kuɗina." Jimla ce sarai, mutum biyu a rarrabe. Tafinta ya ce: "Wai ya ce ya ba shi kuɗinsa." Yanzu kuɗin wa? Ruɗanin da babu shi a asali, tafinta ne ya shigo da shi. Ga kuma "wai", wadda take iya ɗaukar ma'anar shakka, kamar tafinta bai yarda da maganar ba. A kotu da asibiti, ku riƙe bakin mai magana, ku kuma sanar da ɓangarorin biyu tun farko cewa haka za ku yi.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Haƙƙin nan ba ya cika don kawai an tsayar da wani mai jin harsuna biyu. Sai wanda aka tsayar ya iya riƙe wa ya yi me, ga wa.

Abin da za ku riƙa yi

Ƙwararru ba sa dogara da ka kaɗai. Tun 1956 Jean-François Rozan ya wallafa ɗan littafi a Janeba kan yadda tafinta zai riƙa ɗaukar bayani a takarda, inda ya nuna a rubuta ma'ana maimakon kalmomi, a kuma jera ta daga sama zuwa ƙasa. Ku ma ku ba kowane mutum alama guda, harafi ko zane, ku ajiye ta a gefen hagu na takarda, abin da ya aikata a damansa. Masu maganar hannu ta kurame sun riga kowa wannan dabara: sukan ajiye mutum a wani wuri a sararin gabansu, wannan dama, wancan hagu, duk lokacin da za a koma kansa sai a nuna wurin.

Idan kuma kun kai inda babu dalilin da zai raba, ku tsaya ku tambaya. Na san abin da yake hana mutane: tsoron a ce ba su iya ba. Amma matambayi ba ya ɓata, kuma "Hajiya, shi wa kike nufi, yaron ko maigidan?" ba ta cin daƙiƙa biyar.

Ga aikin da za ku yi kafin zama na gaba. Ku karanta wannan:

"Wani ɗan kasuwa ya aiki yaronsa wurin wani dillali. Da ya isa bai same shi ba, sai ya tarar da ƙanensa. Shi kuwa ya ce ba zai karɓi kayan ba sai ya dawo. Da a ce ya bar masa wasiƙa, da ya karanta ta ya san abin yi. An dai mayar da kayan, su Alhaji suka yi fushi."

Ku yanka wa kowane mutum kati a littafinku. Ku ja layi ƙarƙashin kowane lamiri, ku rubuta katin da ya koma. Ku nuna abin da aka ambata amma babu shi a zahiri. Ku faɗi wurin da tilas tafinta ya tsaya ya yi tambaya, da kuma tambayar da zai yi. Sannan ku sake rubuta labarin yadda mai sauraro ba zai ruɗe ba ko sau ɗaya.

Bayan haka, ku saurari labaran rediyo na daren yau, ku zaɓi labari guda, ku ƙirga sunaye nawa aka kira mutum ɗaya da su: sunansa, muƙaminsa, tsohon muƙaminsa, lamiri. Ku zo da abin da kuka samu a rubuce, za mu fara darasi na gaba da shi.